Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Koyar Da 'Ya'yanmu Kundin Tsarin Mulkin Najeriya

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagatai da Masu Unguwannin wannan gunduma.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya taimaki Hakimi, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da imani.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu 'ya'yanka mazauna wannan gunduma, iyaye maza da mata, malaman firamare da sakandare da na Islamiyya, da wasu daga cikin tsofaffin ɗaliban makarantunmu, mun zauna mun yi shawara, muka ga babu inda ya dace mu kai wannan kuka sai ƙofar gidanka. Abin da ke damunmu shi ne, 'ya'yanmu suna gama sakandare, wasu har su yanki katin zaɓe, ba su taɓa ganin Kundin Tsarin Mulkin Najeriya da idonsu ba, balle su san abin da ya ba su da abin da ya ɗora musu. Muna roƙon ka sa baki a gyara yadda ake koyar da shi a makarantun ƙasarka.

Ranka ya daɗe, darasin yana nan cikin manhaja. Yara suna yin Sibik, wato darasin haƙƙoƙi da nauyin ɗan ƙasa, har jarrabawarsa suke zanawa. Malaman da ke cikinmu su suka fara faɗa mana yadda abin yake tafiya. Malami zai cika allo da Turanci, yara su kwafa, su haddace cewa gwamnati kashi uku ce, masu yin doka da masu zartarwa da masu shari'a, su zuba a takardar jarrabawa su wuce. Ka tare yaron a hanya ka tambaye shi da Hausa wa ke da alhakin kula da kasuwar garinsu, ko kwana nawa doka ta yarda a tsare mutum a caji ofis kafin a kai shi kotu, sai ya sunkuyar da kai. Sau da yawa wanda aka ba darasin malamin wani fanni ne da aka cike gurbi da shi, kuma shi kansa ba a taɓa damƙa masa kundin ba. Ba mu ga laifinsu ba, da abin da aka ba su suke aiki.

Littafin nan bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Ya fara aiki ranar 29 ga Mayu, 1999, ranar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Babi 8 ne, sashe 320, sai jadawali 7 a ƙarshe. Sashe na 1 ya ce kundin ne a sama da kowace doka, ya hau kan mai mulki ya hau kan talaka, kuma duk dokar da ta ci karo da shi ta faɗi daidai inda ta saɓa. Sashe na 4 da na 5 da na 6 suka raba iko tsakanin majalisa da ɓangaren zartarwa da kotuna. Babi na biyu manufofin da gwamnati za ta bi ne, na uku ya faɗi wane ne ɗan ƙasa, na huɗu haƙƙoƙin ɗan Adam, na biyar zuwa na bakwai suka yi bayanin majalisu da shugabanni da kotuna dalla-dalla, na takwas kuma Abuja da sauran ƙarin bayani. Yaron da aka zauna aka nuna wa wannan tsari da harshen da yake ji, zai iya buɗe littafin ya nemo abin da yake buƙata ko bayan ya yi furfura.

Inda abin ya fi ci mana rai shi ne babi na huɗu, daga sashe na 33 zuwa na 46, domin a nan rashin sani yake cin mutanenmu kullum, kuma ƙofarka ake zuwa da kuka idan abin ya faru. Kai ne shaida, ranka ya daɗe. An sha ɗauke dattijo a gidansa saboda ana neman ɗansa ba a same shi ba. An sha tsare matashi tun daga Juma'a har mako ya zagayo ba wanda ya faɗa wa iyayensa laifinsa, sai an sayar da akuya ko an jinginar da gona an kai abin da ake kira kuɗin beli. Mutanen da wannan ke faɗa wa ba su san cewa sashe na 35 ya ce dole a sanar da wanda aka kama dalilin kamunsa a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake fahimta ba. Ba su san yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya amince da shi ba. Ba su san cewa, in ban da laifin da hukuncinsa kisa ne, idan akwai kotun da za ta iya sauraron maganar a cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya ne wa'adin kai shi gabanta ba. Sashen ya ƙara da cewa wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Sashe na 34 ya haramta azabtarwa da wulaƙanci. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar, kuma in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi, a ba shi tafinta kyauta. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta hana a kama wani a madadin wani.

Ba muna kawo wannan don tunzura yara su yi gaba da jami'an tsaro ba ne. A wannan zamani na rashin kwanciyar hankali mun fi kowa sanin amfaninsu, kuma akwai 'ya'yanmu a cikinsu. Amma gidan da ke da ko da yaro ɗaya da zai iya cewa cikin ladabi, "Yallaɓai, muna son a faɗa mana laifinsa a rubuce," ba a taka shi kamar gidan da babu. Wannan yaron kuma gobe shi ne zai sa kaki, ya fi kyau ya shiga aikin yana sane da iyakarsa.

Sai maganar matasanmu masu tafiya ci-rani. Da an gama girbi za ka ga motoci sun cika sun nufi Legas, Ibadan, Anacha, Fatakwal. Wasu acaɓa, wasu dako, wasu sayar da kayan gwari. A can sukan gamu da masu ce musu baƙi ne su koma garinsu, su kuma su ɗauka alfarma ake yi musu da aka bar su suka zauna. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya ikon zirga-zirga da zama a duk inda ya so a ƙasar, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko asalinsa, sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar gida ko fili a ko'ina. Muna son yaranmu su tafi da wannan a kansu. Muna kuma son su san cewa wannan haƙƙi ɗaya ne da na Ibo mai shagon magani da Bayarabe mai gyaran mota da ke zaune a garinmu, kada su nemi a can abin da za su hana wani a nan.

Haka batun gona. Idan gwamnati za ta karɓi fili don hanya ko makaranta, sashe na 44 ya wajabta a biya diyya ba tare da jan ƙafa ba, ya kuma ba mai abu ikon zuwa kotu in bai gamsu da ƙimar da aka yi ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda sashe na 315 ya ba kariya ta musamman, ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Manomi nawa ne a gundumar nan ya san haka? Dagatanka sun san yawan rigimar da wannan jahilci ke haifarwa.

Ranka ya daɗe, ɗaya ɓangaren da muke son a tsaya a kai sosai shi ne sanin wane aiki ne na wa. Mutanenmu sukan zagi wanda bai da hannu a abu, su ƙyale mai alhakin yana barci. Jadawali na biyu ya jera abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, irin su soja da 'yan sanda da kuɗin ƙasa da harkokin waje, da waɗanda take tarayya da jihohi a kansu. Jadawali na huɗu kuwa namu ne, domin shi ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, kwata, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a harkar firamare da yaƙi da jahilci da kiwon lafiya da noma. Shafi ne da bai kai a ce an gaji da karanta shi ba, amma da kowane ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ya san shi, da kansila ya san akwai masu tambayarsa. Sashe na 7 ya ce a tafiyar da ƙananan hukumomi ta hannun zaɓaɓɓu. A kan wannan da sashe na 162 ne Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓu ya saɓa wa kundin. An yi ta maganar a rediyo, amma da yawa cikin matasanmu ba su gane abin da ake gardama a kai ba, alhali maganar kuɗin rijiyarsu ce da rufin ajinsu.

Yaro ya kamata ya san sanatoci 109 ne, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, 'yan Majalisar Wakilai kuma 360, kuma aikinsu yin doka ne da amincewa da kasafin kuɗi da bin diddigin yadda aka kashe shi. Rabon atamfa da taliya ranar zaɓe ba ya cikin abin da aka rubuta musu. Ya san sashe na 69 ya ba jama'a damar yi wa wakilinsu kiranye idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓar suka sa hannu, sannan hukumar zaɓe ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanya ce mai wuya, an gwada ta a Kogi ta Yamma a 2018 ta tsaya a wajen tantance sa hannu, amma wakilin da ya san mutanensa sun san da ita ba ya yi musu kallon banza. Ya kuma san cewa tun gyaran da aka sa wa hannu a 2018, ɗan shekara 25 zai iya tsayawa takarar Majalisar Wakilai ko ta jiha, ɗan 35 kuma ta shugaban ƙasa, kuma ilimin da kundin ya nema ko ga shugaban ƙasa shi ne na matakin kammala sakandare. Yaran da ke zaune a benci a makarantunmu yau su ake nufi. Idan ba a faɗa musu haka ba, abin da za su sani a siyasa shi ne ɗaukar gora a bayan mota.

Mun san akwai dattawan da za su ji tsoron wannan karatu, kuma tsoronsu ba na banza ba ne, shi ya sa muka tattauna shi a zamanmu. Wasu na ganin za a koya wa yara tsaurin ido, su riƙa cewa "haƙƙina" a gaban iyayensu. Amsarmu ita ce a koyar da kundin duka, kada a tsinci rabi. Sashe na 24 ya ɗora wa ɗan ƙasa bin doka, girmama hukuma ta halal, mutunta sauran jama'a da zama da su lafiya, yi wa unguwarsa hidima, taimaka wa masu tsaron doka, da biyan haraji da gaskiya. Sashe na 45 ya nuna cewa 'yancin magana da na taro da na zirga-zirga suna da iyaka idan aka zo ga tsaro da zaman lafiya da tarbiyyar jama'a da haƙƙin wasu. Wasu kuma na tsoron ya taɓa addini. Sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, amma sashe na 38 ya kare ikon kowa na yin addininsa da koyar da shi, ya hana a tilasta wa yaro a makaranta darasin addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Sashe na 275 kuma shi ya ba jihar da ke so damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai. Malamanmu na Islamiyya da suka ji waɗannan sassa su suka ce a sa sunansu a wannan takarda, haka ma 'yan uwanmu Kiristoci da ke cikinmu.

Ba kuma muna son a nuna wa yara cewa littafin ba shi da aibu ba ne. Aikin mutum ne. Gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ce ta fitar da shi ta hanyar dokar soja mai lamba 24 ta 1999, ko da yake ya buɗe da cewa mu mutanen Najeriya ne muka ba kanmu shi, kuma har gobe masana na gardama a kan wannan. Babi na biyu ya ce mulki na jama'a ne, ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, ya yi alkawarin ilimi kyauta idan hali ya yi, amma sashe na 6 ya hana a kai gwamnati kotu a kan wannan babin shi kaɗai. Sai da aka yi Dokar Ilimin Bai Ɗaya ta 2004 kafin karatun shekara tara na farko ya zama kyauta kuma dole a doka. Sannan, Allah ya taimake ka, kundin bai ba sarakuna da hakimai wani aiki ba, alhali a Jamhuriya ta Farko akwai Majalisar Sarakuna a Kaduna, kuma har yau ku ake tasa da tsakar dare idan rigima ta tashi. Duk wannan a faɗa wa yara. A kuma nuna musu sashe na 9, wanda ya ce ana gyara kundin idan kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya suka yarda, sannan majalisun jihohi aƙalla 24 suka amince. An sha yin haka. A 2023 ma an ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali, aka faɗaɗa musu iko a kan wutar lantarki. Duk lokacin da majalisa ta kira taron jin ra'ayin jama'a, waɗanda suka san littafin ne ke tashi su yi magana, sauran kuma a yanke musu hukunci ba sa nan.

Shigar masarauta cikin wannan magana ba baƙon abu ba ne. A 1949, kafin a yi tsarin mulkin 1951 na zamanin Turawa, wanda ake kira da sunan Gwamna Macpherson, sai da aka bi ƙauyuka da gundumomi da larduna ana jin ra'ayin mutane, aka haɗa aka kai babban taron Ibadan na 1950. Ta hannun dagatai da hakimai irinka aka tara kakanninmu, waɗanda mafi yawansu ba su taɓa shiga aji ba, aka tambaye su yadda suke son a mulki ƙasarsu. Abin takaici ne a ce jikokinsu masu takardar sakandare ba su kai su shiga maganar ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Ka kira Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma da shugabannin makarantu da jami'in Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa da ke nan, a zauna a gabanka a tsara yadda kowace makaranta za ta samu kundin, ko da kwafi kaɗan ne a ofishin hedimasta da yara za su iya ɗauka su duba. Da yake manyan sakandare suna ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta jiha, muna roƙon ka isar da maganar ga Mai Martaba Sarki, Allah ya ƙara masa nasara, domin muryarsa ta fi tamu isa can. Mu iyaye mun ɗauki nauyin buga babi na biyu da na huɗu da jadawali na huɗu a raba wa 'yan ajin ƙarshe, daga abin da muke tarawa a ƙungiyar iyaye da malamai. Ba mu zo hannu rabbana ba.

Roƙonmu mafi girma shi ne a yi bayanin da Hausa. A bar jarrabawa da Turancinta, amma fahimta sai da harshen gida. Kundin da kansa, a sashe na 55, ya ambaci Hausa cikin harsunan da za a iya gudanar da aikin Majalisar Tarayya da su, don haka ba abin kunya ba ne a yi wa yaro bayaninsa da ita a aji. Muna da malaman Hausa, muna da 'ya'yan garin nan lauyoyi da tsofaffin ma'aikatan kotu da suka yi ritaya. Idan kai ka kira su ba za su ƙi ba. Su zauna su fitar da ɗan littafi mai sauƙi, a duba shi da kyau kada a sa wa kundin abin da bai faɗa ba, sannan su ba malaman Sibik horo na 'yan kwanaki lokacin hutu.

Muna kuma son karatun ya fita daga allo. A kai yara su ga zaman kansiloli, su zauna a bayan kotun majistare su ga yadda ake karanta tuhuma da yadda ake ba da beli. A gayyaci babban jami'in 'yan sanda na yanki ya zo ya yi musu bayani da bakinsa, su yi masa tambaya. Makarantu su riƙa zaɓen shugabannin ɗalibai da ƙuri'a, da ƙa'idojin da yaran suka rubuta da kansu. In ka yarda, sau ɗaya a shekara a yi gasar kacici-kacici a kan kundin a ƙofar fada, kai ka miƙa kyauta da hannunka, domin abin da Hakimi ya zauna ya saurara babu uban da zai raina shi.

Iyaye mata da ke cikinmu sun ce lallai a rubuta cewa kada a bar 'yan mata a baya, kuma a kai wannan bayani Islamiyyun matan aure da azuzuwan yaƙi da jahilci, domin su ake bari da zaryar caji ofis da kotu idan aka kama miji ko ɗa. Muna roƙon a tuntuɓi alarammomi a ji yadda za a isa ga manyan almajirai ba tare da an taɓa lokacin karatunsu ba. Sharaɗi ɗaya muka ɗora wa kanmu, muna kuma roƙon ka tsare mana shi: kada a bar wata jam'iyya ko ɗan takara ya shigo da hula ko fosta cikin wannan aiki. A cikinmu akwai 'yan kowace jam'iyya, kuma mun yarda a kan haka.

Muna roƙon ka sa mana ranar da wakilanmu za su zo su faɗi gaisuwa su yi ƙarin bayani, in da hali kafin a koma sabon zangon karatu, domin a fara da yaran da za su fita bana. Mun aika kwafin wannan takarda ga Shugaban Ƙaramar Hukuma da Sakataren Ilimi, sa hannun iyaye da malamai kuma yana haɗe a baya, unguwa-unguwa.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya zaunar da ƙasarka lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Mu ne naka masu biyayya,

A madadin iyayen yara maza da mata,
A madadin malaman firamare da sakandare,
A madadin malaman Islamiyya da shugabannin addini,
A madadin tsofaffin ɗalibai da matasan gunduma.